Rigar Kwalin Taba

Zuwa ga ƙanwata Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ki gaishe min da Inna, ki ce mata man da ta aiko ya yi aiki, ƙafar tawa da sauƙi. Na san za ki ce har yau ban daina kiran ki Likita ba alhali ko allura ba ki iya ba. To ba zan daina ba. Duk mai aiki a ma'aikatar lafiya likita ne a wurinmu, ko da takardu yake jerawa.

Tela ya dawo gida. An yi aikin, sun cire maƙoshin gaba ɗaya, sun ce ciwon daji ya riga ya cinye wurin. Sun bar masa rami a gindin wuya, ta nan yake numfashi. Murya kam ta tafi ke nan. Mutumin da ake jin dariyarsa tun daga bakin titi, yanzu in yana nemana sai ya buga almakashi a kan teburin yanka. In maganar doguwa ce ya rubuta da allin ɗinki a jikin teburin, in karanta, ya goge da hannun riga.

Kullum da safe ina wanke masa wurin, in ɗaura masa ƙyalle mai laushi saboda ƙura da ƙudaje. Daga buhun guntayensa na tsinto masu taushi na yanka. Amma kin san halin mijin yayarki. Da ya ji wani ya tsaya a tagar shagona yana cewa a ba shi kara ɗaya, sai ya sauko daga kan keken ɗinki, ya tsaya a bayana, ya ɗaga ƙyallen. Ranar nan mai walda ya gani, ya bar tabar a kan taga ya tafi. Na ce masa, bawan Allah, da tagar nan muke ci, da ita aka sayi maganinka. Ya rubuta min a tebur: da ita aka sayi ciwon ma.

Abin da ya sa na ɗauki biro, rediyo ya ishe mu da zancen dokarku. Wai za a hana sayar da sigari kara-kara, sai kwali guda. Wai za a manna hotunan majinyata a jikin kwali. Aka ce ofishinku ne ke tura abin gaban majalisa. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, don haka ki gaya min gaskiya tsakaninki da Allah. In guba ce, ku rufe kamfanin mu huta, ni ma in tsaya a kan sabulu da ashana. In kuma doka ta yarda da ita, me ya kawo tsangwama? Motar kamfani da rana tsaka take shigowa layin nan, kowane kwali da tambarin gwamnati, an karɓi haraji an lashe baki. Sai ni mai taga ɗaya za a kama don na ɓare kwali na ba lebura kara guda? Wane lebura ne ke da kuɗin kwali?

Kada ki kira ni a waya kan wannan. Katako ɗaya ya raba shagon da ɗakin ɗinki, kunnensa kuma ya ƙara kaifi tun da baki ya mutu. Ki ba direban motar kayan da ya kawo miki wannan amsa. Sai dai ki sani, duk takardar da ta shigo gidan nan shi ke fara buɗewa, karatu ya zama hirarsa.

Yayarki,
Mai Shago

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun same ku lafiya? Inna tana amsawa, ta ce ki rage tsayuwa. Yara lafiya, sai ƙaramin da mura ta kama.

Da na zo kan zancen almakashi sai da na ajiye takardar na share ido. Yaya Tela ne fa ya ɗinka min kayan makaranta na farko, shekarar da aka kawo ni hutu wurinku, yana ta tsokanata da Doguwa, wai ƙafafuna sun cinye masa yadi. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Kin ce mu rufe kamfani. Yaya, ba mai ƙarfin rufe shi, kuma ko an rufe, ta ɓarauniyar hanya za ta shigo, ba tambari ba gargaɗi. Abin da muke nema kaɗan ne: a bar ta a kasuwa, amma a cire mata kwalliya. Zancen kara ɗaya kuwa, ba ke ake hari ba. Kara ɗaya ita ce ƙofar da sabon shiga ke bi, don ba ya jin ya sayi komai. Ki tambayi Yaya Tela da nawa ya fara.

Yanzu haka kwamitin majalisa na zaman jin ra'ayi. Lauyan kamfani, wani mai taushin murya kamar mai lallashin jariri, ya tashi ya ce kaya ne halastacce, baligi ke saya da kuɗinsa da hankalinsa. Ya ce ba a manna hoton haɗari a jikin mota, ba a manna ruɓaɓɓen haƙori a buhun sukari. Sannan ya ɗaga hotunan da muka kawo ɗaya bayan ɗaya, ya ce daga wata ƙasa muka kwaso su, wasu ma kwamfuta ce ta zana. Kuma gaskiya ne, daga waje aka aiko mana su. Shugaban kwamitin ya ce ko mu kawo na gida, ko a soke sashen hotuna baki ɗaya.

Na daɗe ina juya biron nan kafin in rubuta abin da ke tafe. Muna neman hoton wuyan Yaya Tela. Asibitoci sun nuna mana mutane da yawa, duk wanda aka tambaya sai danginsa su ce a'a, ban kuma ga laifinsu ba. Daga ƙasan haɓa ne kawai zuwa saman ƙirji. Ba fuska, ba suna. Na yi miki alkawari ba wanda zai gane shi, ko maƙwabcinku na jikin bango. In kin ce a'a, magana ta mutu, ba zan sake tayar da ita ba.

Yaya Tela, na san kai ke riƙe da takardar nan. Ina gaisuwa, ya jiki?

Ƙanwarku,
Likitar da ba ta iya allura ba

*

Likita,

Gaisuwa. Muna nan yadda kika sani. Ƙafata ta sake tashi, shi kuma tari ya matsa masa.

Amma ke kam kin iya. Na gaya miki shi ke fara buɗe takarda, sai kika rubuta wai in na ce a'a magana ta mutu. Yaushe a'a tawa za ta yi aiki bayan ya riga ya karanta? Ina cikin auna wa wata mata sukari na ji almakashi na bugawa kamar gobara ta tashi. Na shigo a guje na same shi tsaye, takardarki a hannu, ya cika teburin da manyan baƙaƙe: SU ZO SU ƊAUKA. Rabon da in ga idonsa da haske haka tun kafin asibiti. Wallahi na ji haushinki, na kuma ji haushin kaina da na ji haushin.

Mun yi rigima, in har ana kiran wannan rigima. Ni ina ɗaga murya, shi yana rubutu yana gogewa, alli ya karye ya ɗauki wani. Na ce mutuncinka fa? Na ce 'yarka tana gidan miji, so kake dangin mijinta su ga wuyan ubanta a kwata? Na ce ciwo sirri ne, ko wanke maka wurin ba na yi sai na tura ƙofa. Ya rubuta: wuyana ne. Na ce, ni ke wanke shi. Ya juya min baya ya hau keke, na kai abinci ya ture, na sake kaiwa ya ture.

To na sakar muku. Ku turo mai hotonku. Amma ki riƙe alkawarinki da hannu biyu: ba fuska, ba suna, ba wata alama. Kada ki ɗauka dokarku ce ta ciwo kaina. Har gobe ina kan bakana, gwamnatin da ke cin harajin abu ba ta da bakin yi min wa'azi a kansa. Na yarda ne don ya ci abinci.

Na tambaye shi da nawa ya fara. Ya ɗaga min yatsa ɗaya, ya yi dariyar nan tasa da ba ta da sauti, kafaɗu kawai ke rawa.

Mai Shago

*

Doguwa,

Ni ne mijin yayarki. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna ya saba da alli. Jiki kam ga shi nan, haɗiya da ƙyar, amma ina taka keke. Ki gaida mutumina maigidanki, ki ce masa wandonsa ya yi masa kaɗan ne don tumbi, ba laifin ɗinki ba ne.

Mai hotonku ya zo ya ɗauka. Ya ce in cire tef ɗin awo daga wuyana, na ƙi. Yayarki ta sa hannu za ta cire, na riƙe. Tana nan tsaye a kaina ina rubuta wannan, ta ce in rubuta abin da na ga dama, ita ma za ta rubuta nata a sa a ambulan ɗaya. To ga nawa.

A bar tef ɗin. Shekara talatin da ɗoriya ina zuƙa, kuma tun ana rubuta gargaɗi da ƙananan baƙaƙe a gefen kwali nake ganinsa. Ko sau ɗaya ban ji da ni ake ba. In kuka sa wuya tsirara, nama ne kawai, kowa zai ce na wani ne can. In da tef, za su ce tela ne, yana da shago, yana da mata, akwai mai jiran rigarsa.

Ban ce a rufe kamfani ba, ban ce a taɓa tagar yayarki ba. Ba wanda ya ɗura min, da ƙafata na je. Amma kwalin da na fara saya fari ne tas da ratsin zinariya, sai ka ce na turare. Lauyan nan ya ce baligi ke saya da hankalinsa. To a nuna wa baligin abin da yake saya, sai mu ga hankalin. A sayar, amma a sayar da ni a jiki.

Ina da magana da yawa, Doguwa, ba ni da bakin faɗa. Wannan ce kaɗai ta rage min da za ta kai bakin titi. Kada ki bari a yanke ta.

Tela

*

Likita,

Kin karanta nasa, ga nawa. Lafiyarmu ƙalau, in ban da wannan.

Kin san tef ɗin nan. Ruwan ɗorawa ne, yana da ƙuna baƙa kusa da ƙarshe, inda wutar sigari ta taɓa cin sa, ya ƙi sauya shi wai ya san hannunsa. Ba namijin da ke layin nan da ba a zagaya masa tef ɗin nan a ƙugu ba. Angwaye da shi aka auna su, 'yan makaranta da shi. Ya fi fuskarsa suna. Mai hoton ya nuna min a bayan kyamararsa: ga ramin, ja, a buɗe, ga tef ya sauko ta gefe biyu, ƙunar tana nan ɓaro-ɓaro. Ko makaho ya shafa ya san Tela ne.

Ku kuna can ofis, hoto ne a wurinku. Ni zan ɓare katan, ni zan jera a kanta, ni zan miƙa wa mutum wuyan mijina in karɓi kuɗi in ba shi canji. Kin yi tunanin wannan? Mai hoton ya ce a kwamfuta ana iya goge tef ɗin kamar ba a taɓa sa shi ba. Ki sa a goge. Ba sai ya sani ba, kafin a buga kwalayen Allah kaɗai ya san inda muke. Likitan asibiti ya kira ni gefe ya ce abin ya gangara ƙirji.

Ban taɓa roƙon ki komai ba. Alkawari kika yi min, ba shi kika yi wa ba.

Yayarki

*

Likita,

Lafiya kuwa? Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannu rabbana. Ya ce ya je ofishinku an ce ba kya nan. Na kira layinki yana ta ƙara ba a ɗauka. In fushi kike da maganganuna ki faɗa. In kuma kin goge tef ɗin ne kina jin nauyin ya karanta, ki rubuta gaisuwa kawai, zan gane.

Ni dai shirunki na ɗauke shi alheri, na ce kin bi tawa. Shi ma ya ɗauke shi alheri, ya ce kin bi tasa. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai ya buga almakashi in leƙa.

Ya daina hawa keke. Na rufe keken da zane. Masu kaya sun zo sun karɓi yadinsu, wasu da yanka ba ɗinki. Ruwa-ruwa kawai ke wucewa, shi ma da dabara. Ƙyallen wuyan yanzu sau da yawa nake sauyawa a yini, don yana ɓaci da jini. Ki yi mana addu'a, ki kuma rubuto ko layi biyu.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ki yafe min shirun nan. Ya jikin Yaya Tela, ya ƙafarki? Mu lafiya, sai gajiya. Kwamitin ne ya ɗebe mu zagayen jin ra'ayi gari-gari, na dawo na tarar da takardarki ta biyu a kan tebur. Ta farko kam, mai ɗauke da naku ku biyu, na same ta kafin tafiya. Ban amsa ba don ban san abin da zan ce ba, kiranki ma na gani na kasa ɗauka.

Na sa an goge tef ɗin, Yaya. Na ajiye hotunan biyu gefe da gefe na yi ta kallo. Wanda aka goge sai ka ce daga littafin ɗaliban likita aka yago shi, irin wanda lauya zai sake ɗagawa ya yi mana dariya. Na ɗauki mai tef na kai.

Da aka haska shi a bango kowa a zauren ya zuba masa ido. Wani dattijo cikin 'yan kwamitin ya kai hannu wuyansa bai sani ba. Shugaban ya ce, tela ne? Na ce tela ne. Ya ce, yana raye? Na ce yana raye, yana taka keke. Na karanta musu layin nan nasa, a nuna wa baligin abin da yake saya. Lauyan bai sake ambatar kwamfuta ba. Ya ce yana jajanta wa iyalin, ya koma zancen ma'aikata da manoma. Su ma manoman sun zo, wata mata cikinsu ta ce in an kashe taba me za ta shuka a ƙasar da ba ta karɓar komai. Na tuna ki a lokacin.

An yi ciniki, an raba. Hotuna sun wuce, rabin kwali gaba da baya. Hana kara-kara kuwa an ɗage shi sai wani jiƙon, kamfani ya ci wannan. Tagarki tana nan yadda take.

Na san abin da na yi miki alkawari, na kuma san ban cika ba. Takardu biyu aka aiko min, dole in saɓa wa ɗaya. Wuyansa ne, shi ya roƙa, kuma ba don tef ɗin ba da sashen ya faɗi. Ki zage ni, na cancanta, amma ba zan ce miki na yi nadama ba.

Yaya Tela, na san kai ka buɗe. Maganarka ta wuce bakin titi, ta shiga majalisa. Ranar da aka buga kwalin farko ni zan kawo maka da hannuna, ka gani da idonka.

Ƙanwarku Doguwa

*

Likita,

Wannan karon ni na buɗe takardarki.

Motar direba ta lalace a hanya, sai bayan an kai Tela makwancinsa takardar ta iso. Na san Inna ta gaya miki, na ga kiranki, ban ɗauka ba. Jini ne ya ɓalle masa da hantsi, ina taga ina ba wani ashana. Almakashin na hannunsa, sau ɗaya ya samu ya buga.

Na zauna a kan teburin yanka na karanta ta da ƙarfi har ƙarshe, ban san wa nake karanta wa ba. Da ya ji da ya yi murna, wannan kam gaskiya ne. Ranar da kika ce musu yana taka keke, keken ya daɗe a rufe.

Kin ce in zage ki. Ba ni da ƙarfin zagi. Kada ki zo yanzu.

Mai Shago

*

Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Yaya Tela, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya ba ki haƙuri. Tun da Inna ta gaya min ban iya cin abin kirki ba.

Na je wurin shugabanmu na roƙa a janye hoton, a sa wanda aka goge. Ya ce bakin alƙalami ya bushe, an riga an buga shi cikin doka, an raba wa kamfanoni, ga kuma sa hannun mai shi. Na yi kuka a ofishinsa kamar yarinya, bai sauya komai ba.

Nan da 'yan watanni kwalayen za su fito. Ina roƙon ki, ki bar sayar da taba kafin lokacin. Ni da maigidan za mu taimaka ki cika kantar da wani abu. Na ji kin ce kada in zo, zan jira har ki ce in zo.

Ƙanwarki

*

Zuwa ga ƙanwata Likita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya maigidan, ya yara, ya Inna? Na daɗe ban rubuto ba. Ƙafar tana nan, mun saba da juna. Na gode da tayin da kuka yi. Na gwada barin tabar, sai na ga mai zuwa sayen kara ɗaya shi ke sayen sabulu da sukari, in babu ita ya wuce tagar gaba da duka cinikinsa. Na mayar da ita.

Kwalayen sun iso. Yaron kamfanin da ke sauke min kaya Tela ne ya ɗinka masa kayan aure. Ya dire katan ɗin a ƙofa, bai yarda mun haɗa ido ba. Na ɓare. Hoto iri huɗu ne a gauraye: huhu, ruɓaɓɓiyar ƙafa, jariri a kwalba, sai shi. Masu buga muku sun iya aiki, tef ɗin ya fi na gaske haske, ƙunar tana nan inda take.

Ga labarin dokarku, ki sa a rahoto in kina so. Yanzu mutane zaɓen hoto suke yi. Mama, ba ni mai ƙafa. Mama, mai huhu. Ba wanda ke karɓar nasa a layin nan, ko sunansa ba sa iya kira, in hannuna ya kai kansa sai su ce wancan dai. Suka taru min a kanta. Sai na koma su nake ɓarewa ina sayarwa kara-kara, tunda kun bar min wannan. Tabar ta fita, kwalin ya zauna. Mai walda kaɗai ya ɗauki guda ya daɗe yana kallo, ya ce, Mama, shekara nawa muna zuƙa tare a kan bencin can. Ya ajiye ya tafi, bai sake dawowa ba. Ko ya daina ne, ko wata tagar ya koma, ban sani ba.

Amma ba ni kaɗai ke sayarwa a garin nan ba. Na gan shi a kwata. Na gan shi tayar mota ta bi ta kai. Na ga wata tana fifita gawayi da shi. 'Yarsa ta taka shi a tasha, ta kira ni tana kuka har muryarta ta dushe. Kullum da safe ina fita da tsintsiya kamar mai shara, ina tsince shi daga bakin titi zuwa ƙarshen layi, in goge, in zuba a aljihun teburin yanka. Aljihun ya cika, na koma buhu.

Ranar nan direbanmu, shi wannan da ke kai miki takarda, ya zo da kwalinsa naɗe a tsohuwar jarida. Ya ce, Mama, ba na iya fito da shi a gaban mutane, ba na kuma iya dainawa, ko za ki ɗinka masa 'yar riga? Na kore shi. Da ya tafi na shiga ɗakin ɗinki na yaye zanen keken. Buhun guntayen yana nan, har da ragowar masu taushin da nake yanka masa. Na zauna na ɗinka. Ɗinkina ba kamar nasa ba ne, amma riga ce, tana da baki da marufi, kwali ya shige ba a ganin komai.

Yanzu daga wasu layukan ma zuwa suke. Rigar ta fi tabar tafiya. Duk wanda ya saya ina ce masa, in kwalin ya ƙare kuma mai tef ne, ka dawo min da shi kada ka yar. Yawancinsu suna dawowa da shi.

Na ji a rediyo ofishinku na cewa masu rufe hotuna suna yi wa doka zagon ƙasa, za a koma majalisa a hana. Gaskiyarku ce. Na san abin da zai cika teburin nan da shi da yana nan, na san ranar ba zai ci abinci ba. Ya ce kada a yanke masa magana, ga shi ni nake rufe ta a kan kekensa. Ina sane, Likita, ba sai kin rubuto kin gaya min ba. Amma ni ke wanke wurin nan, ni ke rufe shi kullum da safe, ban iya ganinsa a buɗe cikin ƙura ba. In kun yi dokar ku turo a kama ni, kin san tagar.

Kina iya zuwa yanzu in kin samu hutu. Na sa miki riga ɗaya a cikin ambulan ɗin nan. Ki sa wa kwalin da kika ce za ki kawo masa. Zai shige daidai, da tef ɗinsa na auna.

Yayarki,
Mai Shago